Katangar da Ake Taƙama da Ita Tana da Ƙofa

Kwanan nan wani mai sharhi kan al'amuran ƙasashen waje ya yi dogon rubutu yana kwantar wa masu karatu hankali game da Amurka. A ganinsa, masu fargabar cewa wata rana shugaban ƙasar zai ƙaƙaba dokar soja, ko ya cika titunan birane da dakaru, suna auna Amurka ne da mudun ƙasashen da suka saba da juyin mulki. Hujjojinsa ba na wasa ba ne, sun kuma cancanci a kawo su yadda ya shimfiɗa su. Ya ce tsarin mulkin ƙasar bai ba shugaba ikon ayyana dokar soja ba. Ya ce tun 1878 akwai dokar da ta hana soja yin aikin ɗan sanda. Kotuna, in ji shi, a tsaye suke, kuma hafsoshi tsarin mulki suka yi wa rantsuwa, don haka ba za su bi umarnin da ya saɓa masa ba. Sai ya rufe da labarin Little Rock na 1957, inda soja suka raka yara baƙaƙen fata zuwa makaranta, domin ya nuna cewa ko an fito da dakaru, alheri ake fitowa da su su yi.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan maganganu tana da ƙamshin gaskiya. Haɗa su da ya yi ya ce babu abin tsoro, nan ne ya kauce hanya.

A fara da suna. Gaskiya ne babu inda tsarin mulkin Amurka ya ambaci dokar soja. To amma rashin ambaton ya taɓa hana ta aukuwa? A Disambar 1814 Janar Andrew Jackson ya ɗora wa birnin New Orleans dokar soja saboda mamayar Ingila. An gama gumurzu, ya ci nasara, amma ya ƙi ɗage ta. Da wani alƙalin tarayya, Dominick Hall, ya ba da umarnin a kawo gabansa wani ɗan majalisar jiha da janar ɗin ya tsare, sai Jackson ya sa aka kama alƙalin shi ma. Daga baya kotu ta ci shi tarar dala 1,000. Bayan haka ya zama shugaban ƙasa har wa'adi biyu, kuma a 1844 Majalisar Dokoki ta mayar masa da kuɗinsa har da ƙari. A tsibiran Hawaii kuwa, ranar 7 ga Disamba 1941 da Japan ta kai hari Pearl Harbor aka kafa dokar soja, ba a ɗage ta ba sai Oktoban 1944. Kusan shekara uku kotunan soja na yi wa farar hula shari'a, har da masu laifin tuƙi, alhali barazanar mamaya ta daɗe da gushewa.

Sannan ko da ba a furta kalmar ba, me ya rage? Uwar da soja ɗauke da bindiga ya tare ɗanta a bakin layinsu ba za ta tsaya tambayar sunan takardar da shugaba ya sa wa hannu ba. Abin da ya dami masu fargaba shi ne aikin kansa: soja na kame, soja na binciken gidaje, soja na tarwatsa taro. Wannan kuwa shugaban Amurka ba ya bukatar ayyana wata dokar soja kafin ya yi shi, kuma nan ne mai sharhin ya tsallake magana mafi nauyi.

Dokar 1878 da ya jingina da ita, wadda ake kira Posse Comitatus, gajera ce ƙwarai. Ta tanadi tara ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba ga duk wanda ya yi amfani da soja wajen zartar da dokokin farar hula. Amma a cikin jimlar nan guda ta keɓe wuraren da tsarin mulki ko wata dokar majalisa suka ba da izini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan kuwa ya wuce tsaga, ƙofa ce a buɗe. Sunanta Dokar Murƙushe Tawaye, wadda Thomas Jefferson ya sa wa hannu a 1807, aka faɗaɗa ta a 1861 da 1871. Ba ta fassara mene ne tawaye ba. Wani sashe nata ya ce duk lokacin da shugaban ƙasa ya ga, a ra'ayinsa, cewa taron jama'a ko cikas ya hana a zartar da dokokin tarayya ta hanyar kotuna, yana iya fito da soja. Ba sai gwamna ya roƙa ba. Ba sai majalisa ta amince ba. Ba ta yanka wa'adin kwanaki ko watanni ba. Sharaɗin da ta gindaya a fili shi ne shugaba ya fitar da shela yana umartar jama'a su watse, abin da ba ya cin sa'a guda. An yi amfani da ita kusan sau 30 a tarihin ƙasar.

Waɗanda suka kafa Amurka sun fi jikokinsu taka-tsantsan a nan. Dokar farko ta 1792 ta wajabta wa shugaba ya samo shaidar alƙali cewa lamari ya fi ƙarfin kotuna kafin ya kira dakaru. George Washington da kansa, a 1794, sai da ya karɓi wannan shaida daga hannun Mai Shari'a James Wilson kafin ya jagoranci mayaƙa kusan 13,000 zuwa yammacin Pennsylvania, inda manoma suka yi wa harajin barasa bore. Shekara guda bayan haka aka cire sharaɗin. A 1827 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar Martin da Mott, ta yanke cewa shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon tantance ko halin da ke bukatar kiran dakaru ya taso. Lauyoyi na ta jayayya kan iyakar wannan hukunci, amma shi kowace gwamnati ke ɗagawa sama idan an kai ta ƙara.

Wannan ya kawo maganar kotuna. Mai sharhin ya ambaci shari'ar Milligan, kuma hukunci ne mai daraja: ba a yi wa farar hula shari'ar soja matuƙar kotunan farar hula a buɗe suke. Sai dai bai ambaci kwanan wata ba. An kama Lambdin Milligan a Indiana a 1864, kotun soja ta yanke masa hukuncin rataya, Kotun Ƙoli ba ta yi magana ba sai 1866, bayan yaƙin basasa ya ƙare. Da an rataye shi, hukuncin da ya tashe shi daga kabari? Mutanen Hawaii ma sai a 1946 kotun ta faɗa musu cewa shari'ar sojan da aka yi musu ba ta halatta ba, bayan an ɗage dokar da fiye da shekara guda. Ihu bayan hari ke nan. A 1861, da Babban Jojin ƙasar Roger Taney ya nemi a kawo masa John Merryman da soja ke tsare da shi a Maryland, kwamandan ya ƙi, gwamnatin Lincoln kuma ta yi kunnen uwar shegu da hukuncin.

Akwai lokacin da kotun ta yi magana ana tsaka da abu, kuma shi ya fi ciwo. A Fabrairun 1942 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066, soja suka kwashe kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan daga gidajensu a gaɓar yamma zuwa sansanoni. Kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne, haihuwar Amurka. A 1944, a shari'ar Korematsu, Kotun Ƙoli ta goyi bayan gwamnati. Sai a 1988 aka ba su haƙuri, aka amince a biya kowane wanda ya rage a raye dala 20,000. Shekara arba'in da shida. Tsofaffi nawa suka mutu ba su ji wannan ban-haƙuri ba?

Idan wani zai ce duk wannan tsohon labari ne, to ga sabo. A watan Yunin 2025 Shugaba Donald Trump ya karɓe ikon dakaru kusan 4,000 na rundunar National Guard ta jihar Kalifoniya, ya haɗa da sojojin kundumbala 700, ya tura su Los Angeles saboda zanga-zangar adawa da kamen baƙin haure. Gwamna Gavin Newsom bai nema ba, hasali ma ƙara ya kai. Rabon da shugaba ya karɓe dakarun jiha ba tare da yardar gwamnanta ba tun 1965, lokacin da Lyndon Johnson ya kare masu tattakin neman 'yancin zaɓe a Alabama. Alƙali Charles Breyer ya yanke hukunci ranar 2 ga Satumba cewa aikin da aka sa dakarun ya keta dokar 1878, amma a lokacin sojojin kundumbalan sun riga sun koma bariki, yawancin sauran ma an janye su. Adalci ne a faɗi cewa kotuna sun taka wa gwamnati burki a Portland da Chicago, kuma a Disamban shekarar Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa a jibge dakaru a jihar Illinois. Wannan nasara ce, ba a raina ta. Amma duk waɗannan shari'u kan wata doka ce dabam mai ƙaramin ƙarfi. Babbar ƙofar ta 1807 ba a taɓa ta ba, tana nan yadda take.

Hujjar da mai sharhin ya fi amincewa da ita ita ce hafsoshi. A nan ma akwai abin yabo. Ranar 1 ga Yuni 2020, ana tsaka da zanga-zangar kisan George Floyd, Trump ya yi barazanar tura soja jihohin da suka kasa shawo kan tarzoma. Kwana biyu bayan haka sakataren tsaronsa, Mark Esper, ya fito bainar jama'a ya ce bai goyi bayan amfani da Dokar Murƙushe Tawaye ba. Shugaban hafsoshin soja na lokacin, Janar Mark Milley, kuma ya nemi afuwa saboda bin shugaban da ya yi cikin kaki zuwa dandalin Lafayette bayan an kori masu zanga-zanga da ƙarfi. To ina Esper ya kwana? Ranar 9 ga Nuwamba, kwanaki kaɗan bayan zaɓe, aka sallame shi. A Disamba Michael Flynn, janar mai ritaya kuma tsohon mai ba da shawara kan tsaro, ya fito a talabijin yana cewa ana iya tura soja su sake gudanar da zaɓe a jihohin da ake taƙaddama a kansu, kuma an karɓe shi a ofishin shugaban ƙasa bayan haka. Ranar 3 ga Janairu 2021 tsofaffin sakatarorin tsaro goma, duk waɗanda ke raye a lokacin, daga jam'iyyun biyu, suka haɗu suka sa hannu a rubutu guda suna gargaɗin kada a tsoma soja cikin rikicin zaɓe. Ruwa ba ya tsami banza. Mutanen da suka riƙe ma'aikatar tsaro da hannunsu sun ga abin tsoro, sai mai sharhi daga nesa ne zai ce babu?

A Fabrairun 2025 aka cire shugaban hafsoshin soja, Janar Charles Brown, aka kuma sauke manyan lauyoyin soja, waɗanda aikinsu shi ne su gaya wa kwamanda wane umarni ne halal wane ne haram. Shingen da aka gina da mutane, wanda shugaba ke naɗawa ya sauke yadda ya so, ba shingen da za a kwanta barci a bayansa ba ne. Kuma ƙaramin hafsa ba ya da ikon ƙin umarni don kawai bai kwanta masa a rai ba, sai wanda haramcinsa ya fito fili. Idan shugaba ya bi ta ƙofar 1807, ya fitar da shelarsa, lauyoyinsa suka ce ya halatta, da wace hujja kyaftin ɗan shekara talatin zai ce a'a? Tarihi ma bai nuna soja na ƙi ba. A Yulin 1932 Janar Douglas MacArthur ya fito da dawakai da tankoki da barkonon tsohuwa a Washington, ya fatattaki tsofaffin sojojin yaƙin duniya na ɗaya da suka zo neman haƙƙinsu, aka ƙona bukkokinsu. A 1894 Shugaba Grover Cleveland ya tura soja Chicago su karya yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa, duk da gwamnan Illinois, John Altgeld, yana cewa ba ya so. Babu wanda ya ajiye bindiga.

Saura Little Rock. Babu mai hankalin da zai ga laifin Shugaba Eisenhower. Kotu ta ce a buɗe wa yara tara makaranta, Gwamna Orval Faubus ya sa dakarun jiha suka tare ƙofa, shugaban ƙasa ya aiko da soja kusan dubu su tabbatar da hukuncin kotun. Haka Shugaba Ulysses Grant ya yi a 1871 da ya murƙushe 'yan ta'addar Ku Klux Klan a Carolina ta Kudu. Akwai ranar da ƙasa ke bukatar wannan iko, kuma wannan martani ba kira ba ne a soke shi. Amma a Little Rock soja bayan alƙali suka bi. Dokar ba ta ce dole sai haka ba, halin Eisenhower ne ya sa. Wuƙar da aka yanka ragon suna da ita, ita ce dai za ta yanki mutum idan ta faɗa wani hannun. Me zai hana a rubuta kyakkyawan halin nan cikin doka, tunda ba kullum ake samun mai shi ba?

Ko da niyya mai kyau ce, soja ba ɗan sanda ba ne, kuma wannan ba zagi ba ne, horonsu ne ya bambanta. A tarzomar Los Angeles ta 1992, wadda ta ci rayuka sama da 60, Gwamna Pete Wilson ne ya roƙa, Shugaba George Bush babba ya aiko da soja. A unguwar Compton 'yan sanda suka je wani gida kan rikicin iyali tare da sojojin kundumbala, aka harbo su daga ciki. Wani ɗan sanda ya ce a kare shi. A bakin ɗan sanda ma'anar ita ce a ɗana bindiga a jira. A kunnen soja ma'anar ita ce a buɗe wuta. Harsashi sama da 200 suka zuba wa gidan, da yara a ciki, Allah ne ya kiyaye. A jami'ar Kent State ta Ohio, ranar 4 ga Mayu 1970, ba a yi wannan sa'ar ba. Dakarun da gwamnan jihar ya tura suka yi harbi na daƙiƙa 13, ɗalibai huɗu suka mutu, tara suka jikkata. Biyu daga cikin mamatan ba sa ma cikin zanga-zangar, aji suka nufa.

Mai sharhin ya ce kada a kwatanta Amurka da wasu ƙasashe. Kwatancen kuwa shi ne ke nuna inda ta gaza. Daren 3 ga Disamba 2024 Shugaba Yoon Suk Yeol na Koriya ta Kudu, ƙasa mai arziki da kotuna da 'yan jarida masu 'yanci, ya ayyana dokar soja a talabijin. Jirage masu saukar ungulu suka sauke dakaru a harabar majalisa, aka fasa tagogi. Kakakin majalisar sai da ya haura katanga. Kafin ƙarfe biyu na dare 'yan majalisa 190 sun kaɗa ƙuri'a, babu ko ɗaya da ya goyi bayan shugaban, kuma kafin gari ya waye an ɗage dokar. An tsige Yoon ranar 14 ga Disamba, kotun tsarin mulki ta tabbatar ranar 4 ga Afrilu 2025. Jarumtar jama'a ta yi aiki, tunawa da kisan Gwangju na 1980 ma ta yi aiki. Amma abin da ya ba ƙuri'ar nan haƙora shi ne sashe na 77 na tsarin mulkinsu, wanda ya tilasta wa shugaba ɗage dokar da zarar rinjayen majalisa ya nema. A Amurka babu irin wannan. Majalisa za ta iya yin sabuwar doka, shugaba ya hau kujerar na-ƙi, sai an samu kashi biyu cikin uku a zaurukan biyu kafin a rinjaye shi.

Hatta Najeriya, da ta ari tsarin shugaban ƙasa daga Amurka a 1979, ta fi ta tsauri a takarda. Sashe na 305 ya ce dokar ta-ɓaci sai da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisa, kuma tana faɗuwa bayan wata shida idan ba a sabunta ba. Duk da haka mutanen Odi a 1999 da Zaki Biam a 2001 sun san abin da ke faruwa idan gwamnatin farar hula ta aika soja su rama kisan jami'an tsaro. Mazauna Jos kuma sun san cewa shingen sojan da aka kafa da sunan na ɗan lokaci yana iya tsufa a wurin. Idan mai ƙulli biyu a igiyarsa ya ga haka, wanda ba shi da ko ɗaya da me yake taƙama?

Masu fargaba ba su ce lallai gobe za a wayi gari da tankoki a New York ba. Cewa suka yi doka ta bar wa mutum ɗaya wannan zaɓi, kuma abin da ya hana a yi amfani da shi na sama da shekara talatin bayan 1992 kunya ce da al'ada da wasu 'yan tsirarun da suka iya cewa a'a. Wannan ita ce magana, kuma gyaranta ba gagara-badau ba ne. A 2006, bayan guguwar Katrina, majalisa ta ƙara wa shugaba iko a wannan doka, gwamnonin jihohi hamsin suka yi ca a kai, a 2008 aka soke ƙarin. A Afrilun 2024 wasu manyan lauyoyi daga ɓangarorin biyu, ƙarƙashin Bob Bauer da ya yi wa Obama aiki da Jack Goldsmith da ya yi wa Bush ƙarami, suka ba da shawarar a tsuke kalmomin dokar, a wajabta wa shugaba tuntuɓar gwamna da kai wa majalisa bayani, kuma kada dakaru su wuce kwana 30 a kan titi sai majalisa ta amince. Shawarar tana nan a takarda ba ta zama doka ba lokacin da motocin soja suka shiga Los Angeles bayan wata goma sha huɗu.